Waƙa A Bakin Taro: Sharhi A Kan Zaɓen Waƙar Rufe Biki In Na'ura Ta Yi Shiru

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba, wannan karin magana shi ya daɗe yana jan akalar nazarin waƙar baka a jami'o'inmu. Duk ɗalibin da ya tashi rubuta kundi, abin da yakan fara nema shi ne makaɗi mai suna, da tarihin rayuwarsa, da kayan kiɗansa, da jerin waƙoƙinsa. Wannan ba laifi ba ne, an kuma sami amfani mai yawa ta wannan hanya. Sai dai akwai wata irin waƙa wadda daɗinta ba a bakin mai ita yake ba, domin sau da yawa ba a ma san wanda ya ƙaga ta ba. Daɗinta a bakin taro yake. Ita ce waƙar da jama'a kan haɗa murya su yi in biki ya zo ƙarshe, ba kalangu, ba fiyano, ba lasifika, sai baki da tafi.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu a gabana ya faru, a wunin bikin 'yar yayata, cikin hunturun 2023, a wani zauren taro da aka yi haya a Zariya. La'asar ta yi sanyi, ana shirin tashi, sai aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Mai saka kiɗa ya rungume hannu. Ƙawayen amarya ba su so a watse shiru kamar an tashi daga zaman makoki ba, sai suka ɗauko wata waƙar sutudiyo da ake yayi a lokacin, wadda aka yi ta sakawa a wannan wuni kowa yana bin ta da baki. Sau uku suna tada ta tana faɗuwa. Amshin yakan fita, amma da an wuce shi sai muryoyi su rarrabu, wannan ta yi sama, waccan ta yi ƙasa, wata ta tsaya jiran kiɗan da ba zai zo ba, a ƙare da dariya. Can sai wata dattijuwa daga dangin ango ta gyara zama, ta soma tafi a hankali, ta tada wata tsohuwar waƙar gaɗa. Tsofaffi suka amsa nan take. Kafin a zagayo sau uku, 'yan matan da ba su taɓa taka dandali ba sun kama amshin. Ta yi ta saka sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya, na ango da na amarya, sannan ta sassauta tafi, ta sauke murya, ta yi wa ma'aurata fatan alheri, aka shafa, aka watse.

Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: me ya sa waƙar da kowa ya sani ta faɗi, wadda rabin taro bai sani ba kuwa ta tsaya? Ra'ayina shi ne waƙar rufe taro tana da nata ma'auni, wanda ya sha bamban da wanda muke auna waƙa da shi a aji, kuma rashin kula da shi ya bar giɓi a cikin nazarinmu da cikin abin da muke taskacewa. Za a fara da bayyana irin waƙar da masu yin ta, sannan a kawo ma'aunin, a gwada shi a kan wasu rukunonin waƙoƙin Hausa, daga nan a dubi inda mu manazarta muka gaza.

2.0 Waƙar Rufe Taro Da Masu Yin Ta

Adabin Hausa ba ya son a yanke abu ba sallama. Tatsuniya tana da ƙurungus ɗinta. Rubutacciyar waƙa takan rufe da godiya ga Allah da salati, wani lokaci har da sunan mawallafi da ramzin shekara. Makaɗin fada yakan koma wa gindin waƙarsa kafin ya dire. Taro ma haka yake bukatar abin da zai dire da shi. Aikin waƙar rufewa uku ne. Na farko, sanarwa ce cewa an gama, ba tare da uwar biki ta buɗe baki ta kori baƙinta ba. Na biyu, takan mayar da waɗanda suka wuni zaune rukuni-rukuni, dangin ango nan, na amarya can, su zama murya ɗaya, ko da na ɗan lokaci ne. Na uku, ita ce guzurin da kowa ke tafiya gida da shi, domin abin da kunne ya ji a ƙarshe shi ya fi daɗewa a rai.

A nan ya kamata mu lura da wani abu game da al'adarmu. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi bayani a kan matsayin roƙo a ƙasar Hausa, haka kuma David Ames da Anthony King, a cikin ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971, sun nuna yadda kiɗa ke ɗaure da sana'a da muƙami. Abin da wannan ya haifar shi ne babban mutum ba ya tada waƙa a bainar jama'a, gudun kada a ce ya zama maroƙi. Nasa shi ne ya saurara, ya yi kyauta. Saboda haka taron maza, kamar ɗaurin aure ko raɗin suna, da addu'a ake rufe shi, ba da waƙa ba. Waƙar haɗin murya a wasu wurare take zaune: wajen mata a daka da daɓe da wuni da kai amarya, wajen yara da 'yan mata a gaɗa da tashen watan azumi, wajen ɗaliban Islamiyya, wajen masu zikiri da maulidi, sai kuma taron siyasa.

Ba haka abin yake ko'ina ba. A ƙasar Sikotlan, alal misali, akwai tsohuwar waƙar bankwana da Robert Burns ya rubuta a 1788 bisa wata waƙar gargajiya, wadda maza da mata kan kama hannun juna su yi a ƙarshen taro da daren sabuwar shekara. A can ba a tsayawa shawara, al'ada ta riga ta yi zaɓi. Mu ba mu da waƙa guda da aka tsayar wa wannan aiki. Ashe ke nan a wurinmu zaɓi aiki ne na hankali, kuma tambayar farko ga mai zaɓe ita ce: wane irin taro ne a gabana, su wa ke ciki, wa kuma zai yarda ya buɗe baki?

3.0 Ma'aunin Zaɓe

Abubuwa shida nake gani sun wajaba a duba. Ba a kan daɗin waƙa a kunne aka gina su ba, a kan iyawar taro ne.

3.1 Gajartar amshi. Amshin da taro zai ɗauka shi ne wanda numfashi ɗaya ke isar sa, wanda kuma yake dawowa da wuri ba tare da ya sauya ba. Wanda bai san waƙa ba yakan ji amshi sau ɗaya, ya gwada a na biyu, ya kama a na uku. In sai an jira dogon ɗan waƙa kafin amshi ya dawo, to an ba shi damar mantawa. Ban da haka, inda babu lasifika muryar jagora ba ta kai wa bayan zaure. Na kusa su ke ji su amsa, na nesa su ji daga bakinsu. Watau amshi shi ne lasifikar gargajiya.

3.2 Matsakaicin hawa da sauka. A taro akwai tsohuwa mai kaurin murya, akwai yarinya mai siririya. Waƙar da tazarar samanta da ƙasanta ta yi yawa, dole wasu su sauka a hanya. Wannan ya shafi jagora ma, domin in ta ɗauko waƙa daga sama ƙwarai, ko da waƙar mai sauƙi ce, ta kashe ta tun daga tushe.

3.3 Kiɗan da ke cikin kalmomi. Marigayi Russell Schuh ya daɗe yana nuna cewa nauyin gaɓa, watau bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi ne ginshiƙin karin waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya. A waƙoƙin gaɗa galibi kalmomin kansu ke gaya wa hannu inda zai faɗa. Irin wannan waƙa da kiɗanta take tafe. Wadda kuwa aka gina a kan ganga ko na'ura, aka bar gurabe a tsakanin layuka don kiɗa ya cike, in an cire kiɗan sai guraben su zama ramuka, taro ya yi ta faɗawa ciki.

3.4 Buɗaɗɗen gurbi. Waƙar rufewa tana bukatar ɗiyan da za a iya ƙarawa ko ragewa, a cire suna a saka wani. Ta haka ne jagora ke tsawaita ta in motocin kai amarya ba su iso ba, ta gajarta ta in an kira salla. Ta haka ne kuma waƙar jiya ke zama ta wannan biki, domin duk wadda ta ji sunanta ko na ɗanta ta san an san da zamanta.

3.5 Tarayya a sani. Ba dole ne kowa ya san waƙa ba, amma dole a sami isassun da suka san ta, a warwatse cikin taro, waɗanda sauran za su jingina da su. Sani kuma iri biyu ne: akwai sanin kunne, akwai sanin baki. Mutum yakan ji waƙa sau ɗari a waya, ya riƙa bin ta, ya ɗauka ya iya, alhali muryar mawaƙin ce ke riƙe da shi kamar yadda ake riƙe hannun yaro mai koyon tafiya.

3.6 Dacewa da rabuwa. Waƙar da ta dace da tsakiyar biki ba lalle ta dace da ƙarshensa ba. Habaici da zambo suna da lokacinsu, amma ba a sallamar baƙo da su. Waƙar siyasa tana da amshi mai kama baki, sai dai tana raba taro biyu, alhali haɗa shi ake nema. Waƙar rufewa tana son saukowa, watau a iya sassauta ta a hankali har ta miƙa taro ga addu'a ba tare da an ji karo ba.

4.0 Gwada Ma'aunin

Yanzu sai mu ɗora wasu rukunonin waƙoƙinmu a kan wannan sikeli. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa ba darajar waƙa ake aunawa ba, dacewarta da aiki guda ake aunawa.

Mu fara da waƙoƙin fada, irin na Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. A fagen azanci da sarrafa harshe babu na gaba da su. Amma tsarin rerawarsu na ƙungiya ce da ta daɗe tare. Jagora yakan fara ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindi. Wannan sai wanda ya haddace, ya kuma san inda ubangidansa ke tsayawa. Taro zai iya rera gindin, amma daga nan ba shi da wurin zuwa. Bugu da ƙari, waƙar ta wani sarki ce ko basarake, ba ta da gurbin da za a saka sunan uwar ango.

Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ya fi kusa da biyan sharaɗin farko. Masu kalangunsa su ne 'yan amshinsa, amshin kuwa gajere ne, ba ya sauyawa daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, shi ya sa har yau ake jin sa a bakin direba da ɗan kasuwa. Matsalar a ɗaya ɓangaren take. Kamar yadda binciken Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 ya nuna, Shata yana ƙaga ɗiyan waƙa ne nan take a gaban jama'a, bisa abin da ya gani da wanda ya gani. Taro zai yi amshin Shata cikin sauƙi, amma wa zai zauna a mazaunin Shata? Wanda ya gwada maimaita ɗiyan da ke cikin kaset, kwaikwayo yake yi, sai a koma sauraronsa ana dariya, ya zama wasan mutum ɗaya. A nan kam karin maganar nan ta yi gaskiya.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙarsa, kuntiginsa ke amsa masa. In an cire kuntigi an cire ɗan amshi. Waƙoƙinsa na wa'azi da hannunka-mai-sanda ne, na zama a saurara, ba na tafi ba.

Amada, irin ta Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, a cikin taron mata aka haife ta, don haka ta cika sharuɗɗa da yawa. Amshinta gajere ne, muryarta ta kowace mace ce, kayan kiɗanta kuwa ƙwarya ce, wadda ba a rasa ta ko madadinta a gidan biki. Inda za a yi hattara shi ne wajen sharaɗi na shida. Waƙoƙin amada da yawa a kan kishi suke, da tsokanar macen da ba ta da sana'a, da alfahari da haihuwa. A tsakiyar wuni su ne gishiri. A ƙarshe kuwa, a taron da ba a rasa kishiyoyi da wadda ba ta samu haihuwa ba, sai an zaɓa da lura, don kada wata ta tafi gida da miki.

Waƙoƙin gaɗa su ne aka ƙera don wannan aiki, domin ba su taɓa sanin wani kayan kiɗa ba sai tafi. A dandali aka tace su, daga baki zuwa baki, kuma dandali alƙali ne marar sassauci: duk waƙar da ta yi wa 'yan mata wuyar ɗauka, a daren take mutuwa. Abin da ya iso gare mu shi ne abin da ya tsira daga wannan tankaɗe. Rauninsu a yau a sharaɗi na biyar yake, domin a birane dandali ya ja baya ƙwarai, masu sanin baki kuwa tsufa suke yi.

Sai waƙoƙin fim da na sutudiyo. Tun bayan da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama a Kano, daga Turmin Danya na 1990, kiɗan fiyano ya zama gadon bayan waƙar zamani. Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan tasirin finafinan Indiya a cikinsu, musamman tsarin namiji da mace suna musayar baiti. Abin sha'awa shi ne sunan nan na nanaye da ake kiran su da shi daga amshin 'yan matan dandali ya samo asali, watau jikokin gaɗa ne. Amma jika ya tashi a wani gida. Muryar mace a cikinsu takan yi sama fiye da inda yawancin mata ke kaiwa. Akan ɗauki layi-layi a sutudiyo a harhaɗa, na'ura ta daidaita murya, har a sami jerin layukan da ba su bar wurin numfashi ba. Akwai kuma dogayen gurabe na kiɗa zalla. Wannan ya bayyana abin da ya faru a Zariya: 'yan matan suna da sanin kunne, waƙar kuma ba a yi ta don baki tsura ba. Ba aibi ba ne ga mawaƙan, domin lasifika suka yi wa waƙa, kuma a lasifika tana cika aikinta.

Akwai rukuni guda da ya tsallake shingen da ke tsakanin maza da mata, da tsakanin babba da yaro, shi ne na bege da madahu. Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, da Burdar Busiri, ƙarnuka ke nan ana rera su a ƙasar Hausa da murya tsura, kuma dattijon da ba zai taɓa tada waƙar biki ba zai amsa waɗannan ba tare da jin nauyi ba. Haka Imfirajin Aliyu Namangi ta fita daga takarda ta shiga bakin jama'a. A walima ko saukar karatu, wannan rukuni shi ya fi dacewa, muddin mai zaɓe ya san fahimtar mutanen da ke zaune, domin ba kowane gida ne ke karɓar kowane irin bege ba.

Misali na ƙarshe ba na biki ba ne, amma yana haskaka sharaɗi na biyar. A ranar 29 ga Mayu, 2024, aka sa hannu a dokar da ta dawo da taken Nijeriya na 1960 zuwa 1978. A tarurrukan da na halarta cikin watannin da suka biyo baya, lasifika ke rerawa, jama'a na tsaye suna motsa leɓe. Doka tana iya sauya waƙa a yini ɗaya, amma sanin baki sai an shekara ana yi.

5.0 Inda Nazari Ya Gaza

Hanyoyin da muke koyarwa, irin ta Abdulƙadir Ɗangambo a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, da ta Sa'idu Muhammad Gusau a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun yi mana babban aiki, domin su suka ba mu kalmomin da muke magana da su. Gusau ma ya ba rauji da yanayin rerawa matsayinsu. Laifin a wajen yadda muke aiki da hanyoyin yake. Da malami da ɗalibi, duk mun fi karkata ga turke da salo, saboda su ake iya gani a takarda. In aka ɗora waƙar gaɗa a kan wannan gado, sai a ga ba ta da nama: layi biyu ko uku, maimaici mai yawa, da kalmomin da ba su cikin ƙamus. Sai a ba ta rabin shafi a ƙarƙashin waƙoƙin yara ko na mata, a wuce.

Duba yadda muke rubuta waƙa a ratayen kundi. Akan kawo gindi sau ɗaya, sannan a jera ɗiyan jagora, duk inda amshi ya zo a rubuta kalmar amshi kawai, ko a tsallake. Ba a nuna inda tafi ke faɗawa. Ba a faɗin mutum nawa suka amsa, ko wa ya tada waƙar, ko a wane lokaci na biki, ko yadda aka dire ta. Watau abin da ya sa waƙar ta rayu shi muke zubarwa, mu adana ɓawon. Kalmomin nan na amshi da muke cewa ba su da ma'ana, aikinsu ba isar da saƙo ba ne. Su ke ba jagora lokacin numfashi da tunanin suna na gaba, su ke kuma riƙe taro a kan taki ɗaya. Manazarcin da ya nemi turke a cikinsu kamar wanda ya nemi hatsi ne a jikin turmi, ya manta aikin turmi daban ne.

Akwai kuma batun su wa muke ɗauka mawaƙa. Littafin Beverly Mack na 2004 a kan waƙoƙin matan Hausa ya taimaka wajen fito da muryoyin da aka daɗe ba a saurara ba. Duk da haka, dattijuwar nan ta Zariya ba za ta shiga kundin kowa ba, don ba ta da ƙungiya, ba ta da faifai, ita kanta ba za ta yarda a kira ta zabiya ba. Alhali abin da ta yi ƙwarewa ce: ta karanci taro, ta zaɓi waƙa, ta zaɓi muryar farawa, ta raba sunaye ba ta bar wani ɓangare yana ƙorafi ba, ta san lokacin sauka. Wannan ilimi ne, kuma ba mu da babinsa.

6.0 Abin Da Za A Iya Cewa

Mai karatu zai iya cewa wannan duk begen jiya ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Yau kowa da waya a hannu, akwai kuma ƙananan lasifikoki masu batir, don haka ɗauke wuta ba ya hana kiɗa. Wannan gaskiya ne, amma bai taɓa jigon maganar ba. Ɗauke wutar nan tona asiri kawai ya yi. Ko da wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba, akwai bambanci tsakanin taron da aka yi wa waƙa da taron da ya yi waƙa. Na farko 'yan kallo ne har su tashi. Na biyu kowa ya sa hannu, kuma wanda ya haɗa numfashi da kai, ko na minti biyar ne, ba baƙo ba ne kamar da.

Za a kuma iya cewa ba duk waƙar zamani ce ke faɗuwa ba. Haka ne. Akwai amsoshin sutudiyo da yara ke rerawa a lungu da tafi, su cire sunan da ke ciki su saka nasu. Duk wadda ta kai wannan matsayi ta ci jarrabawar dandali, ta cancanci a rufe taro da ita. Ma'aunin bai san tsoho ko sabo ba. Abin da yake tambaya shi ne: in an kashe na'ura, waƙar za ta iya tsayawa da ƙafarta?

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa zaɓen waƙar rufe taro yana bin ƙa'idojin da za a iya bayyanawa, kuma shaharar waƙa ko zurfin azancinta ba su cikin waɗannan ƙa'idoji. Ga mai zaɓe, shawarar ita ce ya gwada waƙar tukuna da baki da tafi kaɗai, tare da tsohuwa ɗaya da yarinya ɗaya. In su biyun suka kai ƙarshe tare, taro ma zai kai. Ya kuma tanadi jagora tun kafin ranar, domin waƙa ba ta tada kanta.

Ga mu manazarta kuwa, aiki uku ke gabanmu. Mu riƙa ɗaukar biki dungurungum, ba muryar jagora kaɗai ba, mu kuma samo hanyar nuna tafi da amshi a rubuce. Mu tura ɗalibanmu gidajensu su tambayi iyaye da kakanni da me ake rufe wuni da kai amarya a garinsu, domin abin da ake yi a Katsina ba lalle shi ake yi a Haɗeja ko Damagaram ba. Sannan malaman da muke horarwa don firamare da sakandare su san cewa waƙar gaɗa ba a koyar da ita a allo, da baki da hannu ake koyar da ita.

An ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a Zariya na ga an yi. Amma tsohuwar zuma ƙarewa take yi in ba a ɗora sabuwar amya ba. 'Yan matan da suka kama amshi a wannan yammaci, nan da shekara arba'in su ne dattijan biki. Amshi kaɗai suka tafi da shi, ɗiyan waƙar suna wurin dattijuwar. Ranar da aka waiwaya aka ce wata a cikinsu ta tada waƙa, abin da za ta samu a bakinta ya danganta da abin da muka tattara muka koyar tun yanzu.